Samu Iri-iri Ne: Nasiha Daga Wata Kalmar Jamusanci

Ƙannena matasan Funtua da Malumfashi, da na Bakori, Danja, Kafur, Dandume da ƙauyukan da ke tsakani,

A 'yan shekarun nan wasunku sun duƙufa koyon Jamusanci a waya. Akwai ɗalibar aikin ungozoma da ta ji labarin asibitocin Jamus na fama da ƙarancin ma'aikatan jinya. Akwai bakaniken da yake ganin iyawarsa ta wuce garejin da yake ciki. Akwai kuma wanda ya gama jami'a, ya yi hidimar ƙasa, ya dawo yana taya mahaifinsa karyar masara, da dare ya maƙala abin sauraro a kunne yana maimaita gaisuwar Jamusawa. Ruwa ba ya tsami banza. Tun 1 ga Maris 2020 Jamus ta fara aiki da dokar ɗaukar ƙwararrun ma'aikata daga ƙasashen da ba sa cikin Tarayyar Turai, ta ƙara sassauta ta a 2023, sannan a watan Yunin 2024 ta fito da wani kati da ke ba mai sana'a ko mai digiri damar shiga ƙasar na shekara guda ya nemi aiki, in ya cika sharuɗɗa.

Tafiya ko zama, wannan shawara ce tsakaninku da iyayenku. Ni dai kalma ɗaya zan ɗauko daga harshen mu zauna a kanta, domin duk wanda ya taɓa takardar hukuma ta Jamus sai ya ci karo da ita, kuma abin da ke cikinta zai amfani har wanda ba zai taɓa wuce Zariya ba. Kalmar ita ce erwerben.

Siffarta da yadda take juyawa

Erwerben aikatau ce. Ma'anarta abu ya zama naka ta wata sananniyar hanya: ko ka biya kuɗinsa, ko ka yi masa aiki, ko ka koye shi, ko doka ta ba ka shi. Gaɓoɓinta uku, er-wer-ben, kuma ta tsakiyar ake dannawa. Harafin w na Jamusawa ba irin namu na "wake" ba ne. Haƙoran sama ake ɗorawa a kan leɓen ƙasa, kamar yadda ake furta v a Ingilishi.

Tana cikin aikatau masu sauya wasalin tsakiya. Za ka ce ich erwerbe in kai ne mai yi, amma du erwirbst ga wanda kake magana da shi, er erwirbt ga wanda ake magana a kansa. Shuɗaɗɗen lokacin da ake gani a littafi da jarida shi ne erwarb, wanda aka fi ji a baki kuwa hat erworben. Ku haddace huɗun a jere kamar karatun allo: erwerben, erwirbt, erwarb, erworben. Wanda ya riƙe wannan jeri ya samu gyara, don haka werfen (jefa) da sterben (mutu) da helfen (taimaka) suke sauya wasulansu. Ku kiyayi abu ɗaya da sabon ɗalibi kan faɗa ciki. An koya masa cewa aikatau na ɗaukar ge- a goshi in aiki ya wuce, sai ya manna wa erworben. Ɗafa-goshin er- ba ya rabuwa da kalmarsa, kuma ba ya zama da ge-.

Wannan er- ɗin shi ne makullin ma'anar. Tushen kalmar werben ne, wato kai-komo a kan abu da nemansa. Da ita ake faɗin tallar kaya, da ita kuma ake faɗin neman aure a tsohon salo. Daga gare ta aka samu sich bewerben, neman aiki ko gurbin karatu, da Bewerbung, takardar da mai nema ke aikawa. In er- ya hau kan aikatau, sau da yawa yana nuna cewa aikin ya kai ga biyan buƙata. Arbeiten yin aiki ne, erarbeiten samun abu ta hanyar aiki. Kämpfen gwagwarmaya ce, erkämpfen ƙwato abu da gwagwarmaya. Lernen koyo ne, erlernen koyo har a iya. Mu a ƙeyar kalma muke irin wannan aiki: "nema" daban, "nemo" daban; wanda ya ce "na nema" wataƙila hannu wofi ya dawo, wanda ya ce "na nemo" abin na tare da shi. Hausawa sun ce mai nema yana tare da samu. Bajamushe ya haɗa neman da samun a cikin kalma guda.

Ita da 'yan'uwanta

A Hausa "samu" jaka ce mai ɗaukar kome. Na samu wasiƙa, na samu aiki, na samu sauƙi, an samu ƙaruwa a gidan wane, ya samu gona. Jamusanci ma yana da irin wannan kalma ta yau da kullum, bekommen. Da ita ake samun kyauta, da wasiƙa, da mura, da haihuwa. Ba ta tambayar ko ka nema ko abin ne ya zo ya same ka. Ku da kuka yi makaranta da Ingilishi ku yi hattara, tana kama da wata kalmar Ingilishi mai nufin "zama", alhali ba su da alaƙa a ma'ana. Mai son ya ce zai zama likita, in ya ɗauko bekommen, abin da ya faɗa shi ne za a ba shi likita.

Ƙasa da ita akwai kriegen, ta hirar abokai da yara. Za ku ji ta a bakin kowa, amma ba a sa ta a takardar neman aiki. Sama da ita akwai erhalten, wadda ita ma karɓar abin da aka ba ka ce, sai dai ta ofis: Sie erhalten eine Antwort, za a aiko muku da amsa. Akwai beziehen, ta abin da ke zuwa a kai a kai, kamar albashi da fansho, ko kayan da ɗan kasuwa ke sarowa daga wuri ɗaya. Akwai erlangen, ta kaiwa ga wani matsayi bayan fafutuka, kamar 'yancin kai, ko rinjaye a majalisa, ko suna. Sai kaufen, saye na kasuwa zalla.

Erwerben tana shiga gonar kaufen, amma a manyan kaya ko a harshen sanarwa. Er hat ein Grundstück erworben, ya sayi fili. Gidan tarihi in ya sayi tsohon littafi, ko kamfani ya sayi hannun jari a wani kamfani, da ita jarida za ta ba da labari. A tashar jirgin ƙasa za ka ga an rubuta cewa tikiti können am Automaten erworben werden, wato ana sayensa a na'ura. Amma in ka shiga wurin mai burodi ka ce kana son ka erwerben burodi guda, za a fahimce ka, a kuma yi murmushi. Wannan bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba. Mun san akuya "mutuwa" take yi, mutum "rasuwa", babban malami kuwa a ce ya riga mu gidan gaskiya. Abu ɗaya ne ya faru, amma kowace kalma da inda ake ajiye ta. Sanin ma'ana rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne sanin gaban wa ake faɗinta.

Akwai kuma abin da kuɗi ba sa saye, wanda erwerben ke ɗauka kaufen ba ta ɗauka. Ilimi da ƙwarewa: Kenntnisse erwerben. Shaidar kammala karatu: einen Abschluss erwerben. In aka ƙara mata sich, sai ta koma kan abin da mutum ya jawo wa kansa da halinsa: sich Vertrauen erwerben, ya sa mutane suka amince da shi, sich einen guten Ruf erwerben, ya yi suna mai kyau.

A bakin lauya

Mai gaggawa zai tsaya nan ya ce ashe kalmar gumi ce, Bajamushe ba ya kiran abu nasa sai ya sha wahalarsa. Dokokinsu ba su goyi bayan wannan ba. A dokar zama ɗan ƙasa, jaririn da Bajamushiya ta haifa ana cewa ya erworben zama ɗan Jamus ta hanyar haihuwa, shi da bai yi kome ba sai kuka. A dokar haraji, abin da magaji ya ci gado ma Erwerb ake kiransa. A asibiti, ɗalibar jinya za ta ga ana raba cututtuka gida biyu: angeboren, wadda aka haifi mutum da ita kamar sikila, da erworben, wadda ya ɗauka daga baya kamar ƙanjamau. Ba wanda ya yi wahalar neman ciwo.

To me ya haɗa su? Duk inda kalmar ta fito a harshen doka, tambaya biyu na biye da ita: mene ne ainihin abin da ya shigo hannunka, kuma ta wace hanya ya shigo? Kundin dokokin mu'amala na Jamus, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 1900, ya raba Besitz da Eigentum. Na farko riƙo ne, abu yana hannunka kana amfani da shi. Na biyu mallaka ce, kana da ikon sayarwa, ko bayarwa, ko barin gado.

Ɗan manomi ba ya buƙatar lauya ya fassara masa wannan. Tun kuna yara kun san gayauna: uba ya yanka wa ɗansa wani yanki a cikin gandu, ya noma a lokacin kansa, amfanin nasa ne, amma ƙasar ba tasa ba ce. Kun san aro, kun san haya, kun san jingina, inda mai kuɗi ke riƙe gona yana nomawa har ranar da mai ita ya dawo da abin da ya karɓa. Kun san kyauta, da saye, da gado. Mutum shida za su iya tsayawa a gonaki shida, kowa ya ce "na samu gona", alhali uku daga cikinsu riƙo kawai suke yi. Da yawa daga cikin shari'un gona da ke cin shekaru a kotunanmu daga nan suke tasowa. Kaka ya ba abokinsa aro da baki, su biyun suka rasu, jikokin wancan suka tashi sun ga ubansu na noma wurin tun suna goye, suka rantse gado ne.

Ku dubi yadda dattawa ke cinikin gona in suna son ya tsaya. Ba a zaure ake gama shi ba. Da rani ake fita, bayan an kwashe kara, lokacin da ƙasa ke fili. Mai sayarwa na gaba, mai saye na biye, ga dillali, ga wakilin mai unguwa, an kuma aika wa maƙwabtan gonar na gabas da yamma, kudu da arewa su zo. Ana bin iyaka da ƙafa, daga kututturen gamba zuwa bakin kwazazzabo, daga nan zuwa tsohuwar shuri. In an zo gindin ɗorawa sai a tsaya: da ita aka sayar, ko kalwarta ta iyalan mai gonar ce? Wani dattijo zai tambaya, "Gonar nan an raba ta kuwa? 'Yan'uwanka mata sun sani?" Domin in gado ne da ba a raba ba, abokin tarayya na da haƙƙin shufa'a, shi ya fi cancanta ya saye kafin bare. Sai an warware wannan duka ake sallamawa, a ƙirga kuɗi a gaban shaidu, a fitar da la'ada, a yi fatiha. Duk wanda ya tsallake wannan zagaye don yana sauri, ko don mai sayarwa abokinsa ne, rigima ya saya wa 'ya'yansa.

Jamusawa wannan zagayen suke yi, amma a kan takarda. A can cinikin fili ba ya ƙulluwa sai a gaban jami'in shaida da hukuma ta naɗa, wanda suke kira Notar, kuma ko ka biya kuɗi duka ba ka zama mai fili ba sai an shigar da sunanka a rajistar filaye, Grundbuch. Akwai kuma harajin da mai saye ke biya, Grunderwerbsteuer, ga kalmar tamu nan a tsakiyarsa, wanda ke kamawa daga kashi 3.5 zuwa 6.5 cikin ɗari gwargwadon jiha. A nan gida, dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke samu izinin zama ne da amfani: gwamna ke ba da shi a birni, ƙaramar hukuma kuma na ba da na gargajiya a karkara. Saboda haka, ƙannena, in Allah ya hore muku kuka sayi gona, kada kunya ta hana ku rubutu. A rubuta sunan mai sayarwa da mai saye, da maƙwabtan iyaka huɗu, da kuɗin, da ranar, shaidu su sa hannu, dagaci ya buga hatimi, sannan ku bi ta ƙaramar hukuma. In kuma aro kuka ba wani ko jingina kuka karɓa, shi ma a rubuta cewa aro ne ko jingina. Rubutu ba rashin yarda ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Akwai wata ƙa'ida a wannan kundin na Jamus da ta dace da halin da yankinmu ke ciki. Wanda ya sayi kaya da zuciya ɗaya daga hannun wanda ba mai su ba, doka kan iya tabbatar masa da su. Amma in kayan na sata ne, ban da tsabar kuɗi da wasu 'yan abubuwa kaɗan, ba ya zama mai su ko nawa ya biya, ko da bai sani ba. Malamanmu ma haka suka karantar: abin sata na mai shi ne duk inda ya gan shi. Shekarun nan na satar shanu da fashin daji sun cika wasu hannaye da kayan araha. In aka kawo maka bijimi ko babur ko waya a rabin kuɗi, ba rasiɗi, ba wanda ya san asalinsu, mai sayarwa kuma sai waige-waige yake yi, ka sani kuɗinka ba su mallaka maka kome ba. In kuwa ka sani ka saya, Hausawa sun riga sun raɗa maka suna: ɓarawon zaune. Kasuwar da kake buɗe masa ita ke mayar da ɓarawo daji gobe.

Takarda da abin da ke bayanta

Yanzu mu koma kan mai shirin tafiya. Daga erwerben aka samu Erwerb, abin da mutum ke ci da kansa da shi. Erwerbstätig shi ne mai aikin da ake biya, erwerbslos wanda ba shi da shi. Kalmar da nake so ku riƙe da kyau ita ce Erwerbstätigkeit, aikin neman kuɗi, domin ana buga ta a jikin biza da takardar izinin zama. In abin da ya biyo bayanta nicht gestattet ne ko nicht erlaubt, an hana ka aiki ke nan. Sau da yawa ta nan 'yan damfara ke cin mutane. Wani zai karɓi kuɗin da aka sayar da shanun huɗa aka tara, ya ce zai samo bizar ziyara, "in ka shiga sai ka nemi aiki". Wanda ya iya karanta kalmomi ukun nan ba za a yi masa cinikin biri a sama ba.

Haka batun takardar shaidar harshe. Matakan shida ne, daga A1 zuwa C2. Mai son shiga koyon sana'a a Jamus galibi B1 ake nema a wurinsa, ma'aikacin jinya kuwa yawanci B2. Jarrabawar B1 ta cibiyar Goethe, wadda ke da reshe a Legas tun 1962, kashi huɗu ce: karatu, sauraro, rubutu da magana, kuma kowane kashi sai ka ci 60 cikin 100. Za ku haɗu da mai cewa ya san hanya, ba sai ka zauna ba. Ku lura da yadda su masu harshen ke magana: takardar ana erwerben ɗinta, iyawar ma ana erwerben ɗinta, aikatau ɗaya ce, domin a wurinsu takardar shaida ce kawai a kan abin da ke kai. Takardar jabu laifi ne a can da nan. Ko da ta wuce ofishin jakadanci, ba za ta wuce ranar farko a wurin aiki ba. Tsarin koyon sana'arsu, Ausbildung, yawanci shekara uku ne, ana biyan ɗalibi wani abu duk wata, yana raba lokacinsa tsakanin wurin aiki da aji, kuma ajin da Jamusanci ake yinsa. Wadda za ta tsaya a kan majinyaci tana karanta umarnin likita, rayuwar mutum ce a hannunta. Kayan aro ba ya rufe katara.

Wani abin da ke ba ni takaici shi ne yadda kuke raina abin da kuka riga kuka mallaka. Yankin nan tsohuwar makarantar noma ce. Tun zamanin Turawa audugarsa ce ta jawo layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtua zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, ta kuma kawo injinan gurza. A 1975 aka fara shirin bunƙasa noma na Funtua da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar nan tare da na Gusau da Gombe, wanda ya yaɗa takin zamani da ingantaccen irin masara. Yaron da ya tashi a nan ya san tazarar shuka, ya san lokacin zuba taki na farko da na biyu, ya san ganyen da tsutsa ta taɓa tun daga nesa. Na Danja ya san renon tumatir da ban-ruwa. Wani ya iya kwance injin ban-ruwa ya ɗaura, wani ya yi shekaru yana auna hatsi a kasuwar Dandume. Amma in aka ba shi takarda aka ce ya rubuta abin da ya iya, sai ya bar wurin fili, wai shi bai yi karatu ba. A Jamus noma sana'a ce da ake shiga a koya shekara uku a fito da shaida. Jimla irin wannan halal ɗinku ce: Ich habe praktische Kenntnisse im Maisanbau erworben, na samu ƙwarewar noman masara a aikace.

Abin da ya rage shi ne hujja. Wanda ke koyon walda ko kanikanci ko ɗinki, ranar yaye kada ya tsaya a kan addu'a da rabon goro kaɗai. Ya roƙi maigidansa ya rubuta masa shekarar da ya fara, da wadda ya gama, da ayyukan da ya iya. Ya je ya zauna gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mai daraja uku, ko jarrabawar NABTEB. Takardun nan ko ba ku fita waje ba za su yi muku rana a Kaduna ko Kano ko Abuja.

Yadda za ku koye ta

Kada ku haddace kalma ita kaɗai. Ku samu ɗan littafi, duk aikatau ɗin da kuka koya ku rubuta ta da sunayen da take tafiya da su. Ilimi ana erwerben ɗinsa, amma gogewa an fi cewa Erfahrung sammeln, wato tara ta ake yi. Lasin tuƙi a takardar hukuma erwerben ne, a bakin abokai kuwa machen, yin sa ake yi. Kuɗin aiki verdienen ne. Ba ƙa'idar nahawun da za ta gaya muku wannan, sai yawan ji da yawan karatu. Gidan rediyon DW, wanda sashensa na Hausa ke watsa shiri tun 1963, yana da darussan Jamusanci kyauta a intanet, ciki har da jerin Nicos Weg da ke ɗaukar ɗalibi daga A1 zuwa B1. Ku haɗa ƙungiya ta mutum uku ko huɗu, ku riƙa magana da ƙarfi kuna gyara wa juna, domin harshen da ba a motsa baki da shi ba ya zama.

Masanan Jamusawa na kiran yadda harshe ke shiga mutum Spracherwerb, kuma kakanninsu sun yi shi a kan namu harshen. Heinrich Barth, ɗan Hamburg da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya iso Katsina da Kano a farkon 1851, da Hausa yake ciniki yana tambayar hanya. Dorugu, yaron Bahaushe daga ƙasar Damagaram da ya bi shi Turai a 1855, ya zauna da James Frederick Schön, shi ma haifaffen Jamus, yana ba shi labarai yana rubutawa. Daga irin wannan zama Schön ya fitar da nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876. Ba su da waya, ba su da rikoda. Kunne suka sa, da alƙalami, da shekaru. Ku da darasi ke zuwa har cikin aljihunku ba ku da uzuri, sai dai ku sani shekarun nan har yau ba a rage su ba.

Ƙannena, ko Jamusanci kuke koyo ko ba ku taɓa sha'awarsa ba, ku saba wa kanku da tambayoyin da wannan kalma ke tafe da su. Duk abin da ya shigo hannunku, gona ce ko babur, takarda ce ko muƙami, ku tambaya: riƙo nake yi ko mallaka? Ta wace hanya ya zo? Wa zai tsaya ya shaida in an tambaye ni? Abin da kuka iya amsa masa waɗannan uku ba tare da sunkuyar da kai ba, ku riƙe shi, ku kuma rubuta. Wanda kuka kasa, ku mayar da shi tun mai shi bai zo nema ba.

Allah ya ba ku halaliyarku, ya sa mata albarka, ya zaunar mana da yankinmu lafiya.